Wutar da Ba a Gani da Rana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Falmata, ina gaishe ki da kyau. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin sami abokan zama masu tsoron Allah. Allah Ya tsare ki a kan hanya, Ya tsare ki a inda kika sauka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki, alhali jiya tare muka wuni a tsakar gida muna ƙulla miki kuka da yaji. Kin san halina. Sau uku ina buɗe baki in yi miki maganar nan, sai in ji na ce ki miƙo min leda. Ke ma haka kike, kuma na san inda kika samo. Shi ya sa na ari biron ƙanwarki. Rubutun na wadda ta tsaya a firamare ne, ki bi shi a hankali.

Ranar Talata ina shara a bakin zaure na ji abin da kika gaya wa babanki. Kin ce da zarar kin isa makarantar koyon aikin lafiya za ki karɓi takardar sauyi, ki bar sashen gwaje-gwaje ki koma sashen ajiyar katin marasa lafiya. Kin ce a sakandarenku ba a taɓa kunna gas ba, a allo malami ya zana muku bona, ɗan murhun gas na ɗakin gwaji, da alli, kuma ba za ki iya tsayawa gaban 'yan birni ba ki san ta inda ake kama abin ba. Babanki ya ce duk wanda kika zaɓa daidai ne, ya sa takalmi ya tafi kasuwa. Ni na kasa cewa daidai ne. Tun kina aji huɗu, ranar da na kai ki asibiti da zazzaɓi, kika ƙi tashi daga tagar matar da ke leƙa jini a madubin gwaji. Tun daga ranar ba ki da wata magana sai wannan. Ba aikin kati nake rainawa ba. Abin da ba na so shi ne ki bar abin da ranki ke so saboda wani ɗan bututun ƙarfe da ni mahaifiyarki na kunna da hannuna sau ba adadi.

Tabon da ke hannuna na dama, wanda nake ce muku man ƙosai ne, ba man ƙosai ba ne.

Da na gama firamare a Mamudo aka kawo ni Yindiski gidan Goggo. Ina shekara goma sha biyar mijinta ya samo min aikin shara da wanke kwalabe a lab, wato ɗakin gwajin kimiyya, na wata makarantar 'yan mata. Mai kula da ɗakin shi ne malamin kimiyya, Malam Bukar, mutumin Barno, dogo, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya yi wata guda bai ji komai daga bakina ba sai "to", sai ya sa min suna Mai Surutu.

Bonar da kike tsoro ba ta wuce taƙi ɗaya ba a tsayi. Bututu ne a tsaye kan faffaɗan gindi, tiyo na roba ya haɗa shi da famfon gas da ke jikin tebur. A ƙasan bututun akwai zobe da ake murzawa, yana buɗe wata 'yar ƙofar iska ko ya rufe ta. Shi ke nan abin. Tukunyar gas ɗin kuwa tana waje, a bayan ɗaki.

Malam yakan kunna min ɗaya ya ce in ɗumama ruwa ko in busar da kwalabe, ya tafi aji. Yakan bar wutar shuɗiya, 'yar guntuwa, tana wani irin huci. Ni kuwa a gaban murhu na tashi. A sanina wuta ta gaske ita ce ja, doguwa, mai rawa. Hucin nan kuma na ɗauka alama ce ta abin zai fashe. Wata rana na taɓa zoben cikin tsoro, sai hucin ya tsaya, wuta ta miƙe ja kamar ta gida. Na ji daɗi, na zaci gyara na yi. Daga ranar, da ya juya baya sai in rufe zoben. Ruwa ya daina tafasa da wuri, gindin kwalabe kuma ya riƙa yin baƙi kirin. Ban ga abin damuwa ba, ai kowace tukunya baƙi take yi. Na ƙullo toka da yashi mai laushi daga gidan Goggo, na riƙa dirzar kwalaben nan kamar yadda aka koya min dirzar tukunya, har sai sun yi fes.

Ba a jima ba wata kwalba ta tsage a kan wuta a hannun wata ɗaliba. Malam ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na wanke, ya ɗaga ta wajen haske, ya juya ta.

Ya ce, "Wa ya yi wa kwalabena tsagar Barebari? Ai sun fi ni zane."

Ɗalibai suka yi ta dariya. Ya leƙa ƙarƙashin wurin wanki ya ga ƙullin tokata.

"Mai Surutu, wannan ba tukunyar Goggonki ba ce. Sabulu da burushi kawai."

Na ce to. Ban tambaye shi me ke kawo baƙin ba, shi ma bai san ni ke rufe zoben ba. Sai daga baya na gane cewa jar wutar nan yunwar iska take ji. Ba ta cinye gas ɗinta duka, ragowar ita ce baƙin da ke mannewa a kwalba, kuma zafinta kaɗan ne duk da girmanta. Shuɗiyar ita ce mai aiki. Hucin da za ki ji iska ce ke shiga ta ƙofar nan, kada ya ba ki tsoro. Kuma ki sani, yawancin abin da hannunki ya saba da shi a madafa zai so ya bi ki cikin lab. Kafin ki yi wa kayan can abin da kike yi wa na gida, ki tambaya.

Tabon kuma da bazara na same shi. Akwai tebur ɗaya a jikin taga, rana takan faɗo a kansa wajen sha biyu. Wata ɗaliba ta tafi ɗebo ruwa ta bar bona a kunne. Ban ga wutar ba, Falmata. Na kalli bututun da idona biyu, babu komai a samansa sai haske. Na miƙa hannu ta kansa zan ɗauki kwalba. Sai ƙauri na fara ji kafin zafi, hannun rigata ya kama. Na danne shi da tsumman goge tebur, na rufe da mayafi, na ci gaba da shara kamar ba abin da ya faru. Kunya nake ji a ce 'yar ƙauye ta ƙone kanta. Da na koma gida na shafa man goge haƙori, washegari na shafa manja. Sai da ya ruɓa ya fara wari Goggo ta gane, ta ja ni asibiti tana faɗa tun daga gida har bakin titi. Ƙunar da ya kamata ta warke cikin mako ta ɗauki wata biyu.

Shuɗiyar wuta ba a ganinta da rana. Duk bonar da kika tarar, ki ɗauka a kunne take sai kin duba famfonta. Idan za ki matsa daga teburinki ko na minti ɗaya ne, ki kashe, ko ki rufe zoben ta koma ja don kowa ya gan ta. Amfanin jar ke nan. Hijabinki ki cusa shi cikin farar rigar aiki, kada ki bar bakinsa yana lilo. Idan Allah Ya ƙaddara kin ƙone, ruwan famfo mai sanyi za ki sakar wa wurin ya daɗe yana zuba, sannan ki faɗa wa malami nan take, ko da kowa zai juyo ya kalle ki.

Wanda zan gaya miki yanzu shi ya fi yi min nauyi, don ba ni kaɗai ya taɓa ba.

Farkon damina ne. 'Yan aji shida suna aiki aka aiko kiran Malam ofis. Ya miƙa min mabuɗi ya ce idan sun gama in rufe. Da aka kaɗa ƙararrawar abinci suka watse a guje. Ina zagawa na ga bona ɗaya tana ci a tebur na shida. A gidanmu idan za a kashe fitila hurawa ake yi. Na sunkuya na hura, ta ƙi. Na cika baki na sake hurawa, ta mutu. Na ga hadari ya taso, na rufe tagogi tsaf don kada ruwa ya shigo, na kulle ƙofa na tafi salla. Raina fes, na yi aiki mai kyau.

Bayan Azahar muka dawo tare, yana gaba ina baya da tsintsiya. Ya buɗe ƙofa, ya kai hannu zai kunna fitilar lantarki, sai hannun ya tsaya. Wari ya buge mu kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Koma baya. Kada ki taɓa komai."

Ya zaga ya rufe tukunyar gas, ya toshe hanci da hula ya shiga ya buɗe tagogi. Muka tsaya a ƙarƙashin bishiyar maina kusan awa guda. Da warin ya fita ya bi tebur tebur, ya tarar da famfon tebur na shida a buɗe.

Teburin na wata Ladi ne, 'yar Gadaka, mai ƙoƙari, mai baki. Aka kira ta.

Ta ce, "Malam, na yarda na manta ta a kunne. Amma wallahi tana ci na bar ta."

Ya ce, "To aljani ne ya zo ya hure ta. Da na taɓa makunnin nan, da yanzu a kasuwar shanu ake tsintar tabarauna. Ba ke ba lab sai bayan jarrabawa."

Jarrabawar aikin hannu saura mako uku. Ladi ta fashe da kuka. Ina tsaye a gefensu riƙe da tsintsiya, maganar tana bakina, amma harshena ya yi nauyi. Sai a lokacin na gane wutar kawai na kashe, gas yana ta fita.

Kwana biyu ina ganinta. Idan 'yan ajinsu suka shiga, sai ta zo ta tsaya a waje jikin taga da littafinta, tana ɗage tana leƙen abin da ake yi, rana tana dukanta. Ni ina ciki ina wanke kwalabe. Rana ta uku na same shi shi kaɗai yana duba takardu. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago.

"Malam, ni ce."

"Ke ce wa?"

"Ni na hure."

Ya cire tabarau ya ajiye. Na tabbata korata zai yi, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mijin Goggo.

Ya ce, "A gidanku yaya ake kashe fitila?"

"A hura."

"Wa ya taɓa gaya miki wannan ba haka ake kashe ta ba?"

"Babu."

"To mu biyu ne masu laifi. Na ba ki mabuɗi ban ba ki bayani ba. Ke kuma kin bar 'yar mutane a rana kwana biyu. Je ki kira ta."

Da na gaya wa Ladi, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kina magana?" Ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata, kuma tana da gaskiya.

Ki riƙe wannan, Falmata. Bona a famfo ake kashe ta. Idan wutar ta mutu da kanta, hannunki ya fara zuwa famfo kafin komai. Idan kin shiga ɗaki kin ji warin gas, babu ashana, babu makunnin lantarki, ki buɗe taga ki fita ki kira babba. Kuskure kuwa za ki yi shi, kowa yana yi. Ki faɗe shi a ranar. Maganar da na kwana biyu ina jin tsoronta ba ta wuce kalma uku ba.

A yammacin ranar da na faɗi gaskiya, Malam ya tsayar da ni da Ladi a gaban tebur ɗaya. Ya ce da ni, "Yau ke za ki kunna, ni zan riƙe tsintsiya." Ya sa na duba tiyo ko ya tsage. Ya sa na rufe zobe. Ya ce in fara ƙyasta ashana, sannan in buɗe famfo, in kawo ashanar ta gefen bakin bututu, fuskata a baya. Ashana biyu suka karye a hannuna. Ladi ta yi tsaki ta miƙo min ta uku. Wuta ta tashi ja. Ya ce in murza zoben kaɗan kaɗan. Ina murzawa tana gajarta, jan yana gudu, har ta zama shuɗiya ta fara huci. Na so in saki.

Ya ce, "Ai gaisuwa take yi miki. Duba cikinta."

Na duba. Ashe wuta biyu ce. Akwai ƙarama mai tsini a ciki, babba mai duhu ta lulluɓe ta. Ya zaro tsinke mai kauri daga tsintsiyata, ya gitta shi a cikin wutar daf da bakin bututu, ya cire da sauri. Tsinken ya ƙone a wuri biyu, tsakiyarsa kuwa fari tas. Ya ce a cikin ƙaramar nan gas ne da bai riga ya kama ba, shi ya sa ba zafi sosai. Wurin da ya fi ko'ina zafi shi ne daidai saman tsininta, nan ake riƙe abin da ake so ya yi zafi. Ya kuma ce idan iska ta yi yawa gas ya yi kaɗan, wutar takan faɗa cikin bututu ta riƙa ci a ƙasa, sautinta ya sauya, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Idan haka ta faru a rufe famfo, a bar shi ya huce, a sake daga farko.

Duk wannan bai kai rabin awa ba. Abin da ya ƙona min hannu, ya fasa kwalabe, ya kusa tashi da ɗaki, rabin awa ya isa in san shi, da na tambaya. Ranar jarrabawarsu ni na bi tebur goma sha biyu na kunna musu, na daidaita kowace wuta. Ladi ta ci. Da za ta tafi gida ta bar min littafinta na kimiyya.

Na so a ce a nan labarin ya tsaya. Bayan shekara biyu Malam ya kawo min wata takarda. Ya ce ana ɗaukar masu irin aikina a koya musu, su zama ma'aikatan lab na sosai, kuma shi zai tsaya min. In cike in kawo. Na buɗe na ga Turanci ya cika ta, rabin tambayoyin ban gane ba. Abin da ya rage kawai in ce, Malam, karanta min. Na kasa. Na kai ta gida na sa ƙarƙashin katifa. Ya tambaye ni sau uku, ina cewa to. Lokacin ya wuce. Bai yi min faɗa ba, ya dai daina kirana Mai Surutu, ya koma kirana Hajara. Daga baya aka yi masa sauyin wurin aiki, ni kuma na yi aure. Ban yi nadamar aurena ba, ban yi nadamar haihuwarku ba. Amma takardar nan har yau nakan tuna ta idan na wuce ta gaban asibiti.

'Yan birnin da kike jin kunya, da yawansu su ma a allo suka gani. Wasu za su yi kamar sun sani, su ne za ki ga girarsu ta babbake. Idan sun yi miki dariya, za su yi ta ranar, washegari su sami wata. Ke dai ranar farko da aka shigar da ku lab, tun kafin a fara, ki ɗaga hannu ki ce, "Malam, ban taɓa kunnawa ba, a nuna min." Ki gwada faɗinsa a ɗaki tun da safe idan hakan zai taimaka. Muryarki za ta yi rawa, ba komai, za a ji.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Kada ki karɓi takardar sauyin nan sai kin kunna bona da hannunki, kin murza zoben, kin ga ƙaramar wutar da ke ciki. Idan bayan haka kin ga har yanzu aikin kati kike so, ki cike ta, ni zan fara sa miki albarka.

Akwai kuma wani aike da nake so in ba ki. Wata rana Malam Bukar ya tsoma jar wayar lantarki a wani ruwa, ya sa ta a shuɗiyar wutar, sai ta koma kore shar kamar ganyen zogale bayan ruwan sama. Ɗalibai suka rubuta wani abu a littafi. Ni ina bayansu da tsumma, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na so in tambayi dalili, ban tambaya ba. Har yau ban sani ba. Ki tambayo min. Idan kin zo hutu ki zaunar da ni ki yi min bayani da Hausa, a hankali, zan gane.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya kiyaye ki daga wuta, Ya kiyaye ki daga sharrin mutum, Ya buɗe miki ƙirji da harshe. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara